Farin Jinin Auta

Akwai kalmar da ba a faɗa a shagon askin nan, kuma duk wanda ya saba zama a bencin jira ya san ta. Za ka iya zagin gwamnati, ka zagi ƙungiyar ƙwallon Yaya mai shagon, ka ma ce askin da ya yi maka wancan makon ya karkace, tsaki kawai zai yi ya ci gaba da aikinsa. Amma ka kuskura ka ce wani yana da farin jini, nan take kilifa za ta mutu a kanka, ka tashi da rabin aski ka je neman mai ƙarasa maka.

Dalilin kuwa Inna ce, mahaifiyarsu. Mace ce da in ta fita sayen sabulu sai ta dawo da labarin rabin unguwa da kyautar da ba ta roƙa ba. Da ta kwanta ciwo, likitan farko ya duba jininta ya ce fararen ƙwayoyi sun ɗan yi yawa, amma ba abin damuwa ba ne. Na biyu ya ce sankarar jini ce. Ba ta ga ƙarshen shekarar ba. A wurin gaisuwar rasuwa wata maƙwabciya, da zuciya ɗaya, ta ce, “Allah sarki, ashe farin jinin nata ne ya kashe ta.” Mata suka gyaɗa kai, maganar ta zauna. Yaya yana bakin ƙofa, ya ji da kunnensa. Tun daga ranar ya rungumi baƙin jini kamar rigakafi. Ba ya dariya, ba ya tambayar kowa iyali, gaisuwa ma a gutsure yake amsa ta. Mutane suna zuwa wurinsa ne don hannunsa yana da kyau, ba don fuskarsa ba.

Auta, ƙaninsa, shi ya kwaso Inna kaf, bakin da dariyar, har yadda yake riƙe sunan ɗan kowa. Kujerarsa ce ta kusa da ƙofa, kuma a da mutum ya gwammace ya bi layin Auta da ya zauna a kujerar Yaya da ke hamma ba kowa. Yaya bai taɓa cewa abin yana ci masa rai ba. Ba sai ya faɗa ba, yadda yake kakkaɓe tawul ma ya isa.

Sai dai Auta ya zo da abin da Inna ba ta da shi, wani ciwon ƙwaƙwalwa mai ɗaga mutum sama ya sake shi. In ya tashi, barci ya ƙaurace masa, magana ta yi ta zuba, ya ga duniya ba abin da ya fi ƙarfinsa. A tashin ƙarshe ya shafe shagon da fenti rawaya, har madubi bai tsira ba. Ya fitar da kujera bakin titi yana yi wa masu wucewa aski kyauta. Daga ƙarshe, yana rera waƙa da aska a wuyan wani direban tasi, ya yanke shi a ƙasan muƙamuƙi. Yankan bai yi zurfi ba, amma jinin da ya ɓata tawul ya ishi kowa kallo. Daga nan sai asibiti, daga asibiti sai watanni yana kwance ya juya wa duniya baya, ko wanka sai an yi da gaske. Abin da ya tsayar da shi a ƙasa da ƙafafunsa wata 'yar farar ƙwaya ce mai suna litiyam.

Ranar da ya koma aiki, shi da kansa ya miƙa wa Yaya kwalbar maganin.

“Riƙe min,” ya ce. “In abin zai tashi, maganar farko da zan yi ita ce na warke. Kada ka yarda da ni.”

Da wani yayan ne ya ji haka, da ya rungume ƙaninsa. Yaya kuwa ya jefa kwalbar a aljihu, ya kulle askar Auta a durowa, ya haɗa mabuɗin da na shago. Amanar da aka ba shi ya mayar da ita sandar duka. Kullum da safe in an ɗaga ƙofa, da yamma kuma kafin a sauke ta, sai ya zazzago ƙwayar a tafin hannu ya miƙa da kofin ruwa. Bai taɓa tunanin jan Auta bayan labule ba, ko da benci a cike yake.

“Buɗe baki.”

“Haba Yaya, akwai mutane fa.”

“Ranar da ka yanka mutum ma akwai mutane. Ɗaga harshe.”

Auta ya ɗaga, idonsa a silin. Ɗan Fansho, wani dattijo da ke zuwa kullum ya sha iskar fankar shagon ko gashinsa bai taru ba, sai ya ɗaga jarida ya rufe fuska har a gama.

Maganin ma yana karɓar nasa kason. Yana sa ƙishirwa, yana barin ɗanɗanon ƙarfe a baki, sannan yana sa yatsu rawa, 'yar rawa siririya da ba ka gani sai mutum ya ɗauki kofi ko mataji. Ga mai ɗaukar kaya wannan ba komai ba ne, amma mai aski da yatsunsa yake ci. Kilifa tana rufa asiri, don ita ma rawa take yi. Aska ba ta rufawa. Saboda haka Auta ke yin saisaye, in an zo gyaran fuska sai mutum ya tashi da tawul a wuya ya koma kujerar Yaya.

“Turo min shi kafin ka zana masa taswira,” in ji Yaya, ba tare da ya juyo ba.

“Je ka, malam,” in ji Auta. “Hannunsa lafiya lau. Kada dai ka gaishe shi, yana cizo.”

Haka suke yini, wannan ya soka, wancan ya rama, masu jira suna dariya ƙasa-ƙasa.

Lokaci-lokaci ana ɗibar jinin Auta a ga yawan maganin a jikinsa, a duba ƙoda da sauransu. Yaya ke raka shi, ba don tausayi ba a cewarsa, don kada a dawo masa da ƙarya. Ɗakin likitar ƙarami ne, da fanka mai ƙara da taga mai kallon wurin ajiye motoci. Ita kuma mace ce mai saurin magana, don layi na jiranta a waje har bakin matakala. Ranar nan ta kalli kwamfutarta ta ce:

“Maganin yana daidai a jini. Ƙoda lafiya. Fararen ƙwayoyin jininka sun ɗan yi yawa, amma ba abin damuwa ba ne, maganin ne ke sa haka. Barci fa, kana samu?”

Auta ya washe baki. “Ka ji ko, Yaya? Ashe har asibiti an san ina da...” Ya ga fuskar yayansa, ya haɗiye sauran.

Yaya bai ji komai ba bayan nan. Kalmomin likitan farko ne, ɗaya bayan ɗaya, ko jerinsu ba a canja ba. Ya kamata ya yi tambaya. Bakinsa ne, ba aro ya yi ba. Amma Yaya mutum ne da ya gwammace ya ɓace da ya tambayi hanya, kuma tun mutuwar Inna ya yanke cewa likita ba ya faɗin gaskiya sai lokacin da ba ta da sauran amfani. Daga cikin maganar duka ya tsinci guntu ɗaya, maganin ne ke sa haka, ya fito da shi.

A motar haya yana ta satar kallon wuyan Auta da damatsansa, yana neman irin tabon nan shuɗi-shuɗi da ya riƙa fito wa Inna. Washegari da safe ya ce a ɗaga harshe, ya daɗe yana leƙen dasashi ko zai ga jini.

“Haƙori za ka cire min ne?” in ji Auta, baki a buɗe.

“Rufe min baki, yana wari.”

Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, irin mai hana mutum haɗiye abinci. Shi ya riƙe kan Inna a kwanakinta na ƙarshe, shi ya aske mata ragowar gashin da magani ya bari, tana yi masa dariya wai yau ta samu aski kyauta. Ba zai sake wannan askin ba. Sai dai Yaya bai iya tsoro a fili ba, duk abin da ya shiga zuciyarsa da faɗa yake fitowa. Ya san kuma in ya ce a daina maganin, Auta zai ƙi, likita za ta ƙi, a taru a mayar da shi jahili.

Sai ya tafi kantin magani na bayan layi, ya ce a nuna masa duk maganin ciwon kai da suke da shi. Ya tsaya yana gwada su da ƙwaya ɗaya da ya ɓoye a tafin hannu, yana duba fari da girma, kamar tela mai neman maɓallin da ya dace da riga. Da ya dawo ya shiga bayan labule, inda tukunyar ruwan zafi da tawul-tawul suke, ya juye litiyam ɗin gaba ɗaya a kwamin wanke kai, ya sakar masa famfo. Ya cika kwalbar da sabuwar ƙwaya, ya mayar aljihu.

Da yamma Auta ya haɗiya ya yamutsa fuska. “Yau kuma da ɗaci.”

“Kamfani suka canja. Buɗe baki.”

Abin da ya fi ba da haushi ke nan. Mutumin nan ya tsaya a gaban jama'a ya leƙa ƙarƙashin harshen ƙaninsa, fuska a murtuke, don ya tabbatar ya haɗiye maganin ciwon kai.

Da farko abin ya yi kama da nasara. Ƙishirwar ta tafi. Ɗanɗanon ƙarfen ya tafi. Wata safiya Auta ya cika kofi da ruwa har baki, ya ɗaga shi a tsakiyar shago da hannu ɗaya.

“Yaya. Duba.”

Ruwan bai ko motsa ba. Yaya ya kalla ta madubi, wani sanyi ya ratsa ƙirjinsa, amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, “In ka gama wasa, ga gashi can a ƙasa.” A ransa kuwa ya ce, to ga shi nan, ashe guba suke ɗura wa yaro.

Ɗan Fansho ne ya ajiye jarida ya shafa gemu. “Ni dai na gaji da tashi daga kujera zuwa kujera kamar mai canja mota. Auta, yi min gyaran fuskar nan da kanka.”

Yaya ya daɗe yana goge almakashin da ba shi da datti. Can ya zare mabuɗin durowa daga cikin sauran, ya cilla shi ba tare da ya kalli inda zai faɗa ba. Auta ya cafe.

Wanda bai ga Auta da aska ba bai ga aski ba. Ya jiƙa tawul da ruwan zafi ya lulluɓe fuskar dattijon, ya kaɗa kumfa har ta tsaya, ya ja fatar kunci da babban yatsa, askar ta bi ta sauka ba ko ƙara. Ya fitar da layin saje, ya zagaye gashin baki, ya bi ƙasan haɓa inda kowa ke tsoro. Da ya gama ya juya baya yana wanke askar, ya daɗe a wurin, kafaɗunsa suna motsi. Kuka yake yi. Ɗan Fansho ya shafa kuncinsa ya ce, “Kai, yaron nan akwai far...” sai tari ya zo ya cece shi.

Labari ya zaga. Benci ya cika, wasu suka tsaya a waje. Kujerar Yaya ta koma hammarta, kuma a karon farko bai damu ba, ko kuma ya ce wa kansa bai damu ba.

Daga nan ƙananan abubuwa suka fara. Yaya ya zo buɗe shago ya tarar an riga shi, an wanke ƙasa, an jera kwalaben mai da na hoda bisa launi. Auta ya fara ba mutum labari uku a aski ɗaya, bai ƙarasa ko ɗaya ba. Ya fara maganar shago na biyu, da na uku, da makarantar koyar da aski. Idanunsa suka yi ja, amma ya ce barci ɓata lokaci ne. Wata rana Yaya ya ɗaga labule ya ga gwangwanin fenti sabo a bayan tukunyar ruwa. Ya gan shi sarai. Ya sauke labulen ya koma kan aikinsa, yana gaya wa kansa cewa murna ce kawai, ai duk wanda aka sako daga ɗauri sai ya yi tsalle.

Ana cikin haka, da hantsi, Auta yana gyara wa Ɗan Fansho ƙasan haɓa, ya ce, “Yaya, ka san wani abu? Ina ganin na warke.”

Almakashin Yaya ya tsaya a iska. Kafin ya sami abin cewa sai ya ji wani sauti siriri yana fita ta hancin Auta. Waƙar ce, wadda ya rera a wuyan direban tasi. Askar tana kan maƙogwaron dattijo, tana bin kiɗan.

“Ajiye askar nan.”

“Saura kaɗan.”

“Na ce ka ajiye!”

Auta ya ɗaga askar sama yana dariya, Ɗan Fansho ya sulale daga kujera da kumfa a rabin fuska, ya yi waje ko jaridarsa bai ɗauka ba.

“Ka ga abin da ka yi?” in ji Auta. “Ka kore min mutum! Hassada ce ke cin ka, Yaya, tun muna yara. Ba ka iya ganin an so ni. Inna ma ni ta fi so, ka sani, kowa ya sani, shi ya sa kake yawo da fuska kamar an aiko maka da sammaci. Kai ba ka da lafiya, ni ake ba magani!”

“Ka gama?”

“Ban fara ba!”

“Za ka ƙarasa a mota. Rufe askar ka sa a durowa, ko in karya hannun da kake taƙama da shi.”

Masu jira suka zame ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya sauke ƙofar shago da rana tsaka, abin da bai yi ba tun rasuwar Inna. Bai kai Auta asibiti don ya tuba ba, kada a yi masa wannan zaton. Ya kai shi ne don a auna jini a nuna masa cewa shi ke da gaskiya, sannan a nemo wani maganin da ba ya kisa.

Aka ɗebi jini, suka zauna jiran sakamako a dogon benci. Auta bai zauna ba. Ya gaisa da kowa a layin, ya ba wani mai sanƙo shawara, ya sa wata tsohuwa dariya har da hawaye. Da aka kira su, likitar ta kalle shi tun daga ƙofa, yadda yake magana kafin ya zauna, sannan ta kalli kwamfuta. Wannan karon ba ta yi sauri ba.

“Fararen ƙwayoyin sun sauka,” ta ce.

“Alhamdu lillahi,” in ji Yaya da ƙarfi. Rabon a ji wannan kalmar a bakinsa an daɗe.

Ta dube shi da mamaki. “Ba abin murna ba ne. Sun sauka ne don babu maganin a jikinsa. Na auna, ko ɗigo babu.” Ta juya ga Auta. “Yaushe ka daina sha?”

“Ni? Ban daina ba! Safe da yamma, wallahi, ko sau ɗaya ban tsallake ba!”

“Jini ba ya ƙarya.”

“To ni nake yi ke nan? Tambayi wannan! Har ƙarƙashin harshena yake leƙawa, a gaban mutane, kamar akuyar da za a saya! Yaya, gaya mata!”

Likitar ta juyo. Nan ne Yaya ya sami damar zama mutum, ya bar ta ta wuce. Ya kalli taga, ya ce, “Ina ba shi. Amma wa ya san abin da yake yi in ya shiga banɗaki?”

Auta ya buɗe baki zai yi ihu, sai ihun ya maƙale. Ya zauna a hankali. Abin tausayin shi ne ya ɗauki maganar da gaske. Mutumin da ya taɓa farkawa ya ga madubi da fenti bai san lokacin da ya shafa ba, ba ya rantsuwa a kan kansa.

“Ko na yi ban sani ba?” ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. “Ina amayar da shi ne? Likita, ana yin haka? Mutum ya yi bai sani ba?” Ya dafe kai da hannu biyu. “Amma ina jin sa yana wucewa. Ina jin ɗacinsa har...”

Ya sauke hannuwan a hankali.

“Ɗaci?” in ji likitar.

Auta bai kalle ta ba. Yayansa yake kallo, da hannun da Yaya ya cusa a aljihun riga tun shigowarsu bai fitar ba.

“Ka ce kamfani suka canja.”

Yaya ya ƙara cusa hannun cikin aljihu.

“Fito da hannunka.”

“Kai, ni kake...”

“Buɗe hannu, Yaya.”

Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ihun muni. Yaya ya fito da hannun, ya buɗe. Likitar ta ɗauki kwalbar, ta zazzago ƙwaya biyu a kan tebur, ta juya ɗaya da bakin biro ta karanta abin da aka buga a jiki. Ta rufe ido na ɗan lokaci.

Sai Yaya ya fashe, don bai san wata hanyar ba. “Eh, ni ne! Na zubar! In tsaya ina kallo ku kashe shi? Ke da bakinki kika ce farin ya yi yawa, kika ce maganin ne ke sa haka! Haka aka ce da uwarmu, ba abin damuwa ba ne, ba abin damuwa ba ne, har muka kai ta rami!”

“Me ya kashe ta?”

“Sankarar jini.”

Likitar ta ajiye biron. “Ban sani ba. Da na sani da ban faɗe shi a tsaye haka ba, wannan laifina ne. Amma saurara, don ba zan bari ka fita da rabin magana a karo na biyu ba. Fararen ƙwayoyin nan su ne masu gadin jiki, su ke zuwa bakin rauni su cinye ƙwayoyin cuta. A cikin ɓargo ake yin su. Na mahaifiyarku, ɓargon ne ya lalace, ya riƙa zubo su ɗanyu, ba su gama girma ba. Ga yawa, ba aikin fari, sun kuma cushe wuri sun hana jini mai kyau fitowa. Na ƙaninka ba haka ba ne. Litiyam yana zuga ɓargo ya ƙara yawan waɗanda yake fitarwa, amma cikakku ne. An shafa jininsa a gilashi an duba su a madubin likita tun wancan zuwan, lafiyarsu lau, suna aikinsu. Har akwai marasa lafiyar da nasu ya yi ƙaranci, mu ba su wannan maganin da gangan don ya hau. Ba sankara ba ce, ba ya kuma zama sankara.”

“Haka na farko ya ce,” in ji Yaya, amma muryar ba ta da ƙashi.

“To da ka tambaye ni. Da na kai ka ka leƙa da idonka.” Ta juye ƙwayoyin duka a kwandon shara, ta miƙa masa kwalbar. “Yanke maganin nan lokaci ɗaya shi ne mafi haɗarin abin da za a yi wa mai wannan ciwon. Ga shi ya riga ya fara hawa. Zan kwantar da shi, mu mayar da maganin a hankali, mu ga ko za mu tare shi kafin ya kai sama.”

Auta ya yi wata dariya marar daɗi. “Kai kaɗai ne a duniya, Yaya, za a ce maka ƙaninka yana da farin jini ka tafi neman magani.”

Ya faɗi kalmar ƙarara, kuma ba kilifar da za a kashe. Yaya ya ji ta har cikin haƙoransa.

“Don kada ka mutu na yi,” ya ce.

“Na sani. Wannan zan iya yafewa.” Auta ya sa hannu a aljihu ya fito da mabuɗin durowa, ya ajiye a kan tebur. “Banɗakin ne ba zan yafe ba. Ka san ba na yarda da kaina, shi ya sa na ba ka. Ka tsaya a nan ka bar ni ina tambaya ko na haukace ban sani ba.”

Ya miƙa hannunsa na dama a tsakaninsu, yatsu a baje. Ko kaɗan ba ya rawa.

“Kalle shi da kyau. Na riga na yi bankwana da shi sau ɗaya, na haƙura, na saba da kilifa. Ka dawo min da shi don kawai in sake rabuwa da shi.”

Yaya ya kalla. Hannun Inna ne, dogayen yatsu da faffaɗan farce. Ya so ya kama shi, amma bai san ta inda ake farawa ba, kuma kafin ya gama shawara Auta ya janye abinsa.

Likitar ta kira ma'aikaciyar jinya ta ce a shirya gado. Tana miƙewa ta ce, “In an sallame ka, dole a samu mai riƙe maganin a gida, aƙalla da farko. Wa za a ba?”

Yaya ya matso, bakinsa ya buɗe da kansa, don ya saba.

“Ba ni da kowa,” in ji Auta. “Ni zan riƙe.”

Ya bi ma'aikaciyar jinyar, yana tambayarta sunan 'ya'yanta tun kafin su kai ƙofa. Yaya ya tsaya da kwalbar da ba komai a ciki. Likitar ta tura masa mabuɗin durowa zuwa bakin tebur, ta ce ya ɗauka, akwai masu jira a waje.